Daga Shagon Kamfani Zuwa Bakin Titi: Tarihin Cinikin Mota a Arewacin Nijeriya

A watan Maris na 1975 ne Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a unguwar Kakuri da ke Kaduna. A shekarun da suka biyo baya, malamin sakandare ko akawun ma'aikata yana iya karɓar bashin mota daga gwamnati, ya shiga shagon dila, ya fito da Fijo sabuwa dal, kujerunta a leda, da takardar garanti da littafin sabis a aljihun gaban motar. A yau galibin motocin da ke yawo a titunan Kano da Kaduna da Sakkwato sun gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa kafin su iso, kuma mai sayensu ba ya riƙe da komai sai rasit da takardun kwastan da kalmar dillali. Tarihin yadda aka taso daga can aka iso nan shi ne tarihin abin da mai saye yake samu bayan ya biya kuɗinsa.

Mota ta shigo Arewa ne a bayan jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai aka buƙaci abin da zai kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa tasha fiye da yadda jakuna da raƙuma za su iya. Kamfanonin kasuwanci na Turawa, ciki har da masu sayen gyaɗa da fatu da auduga, su ne suka zama dilolin mota, kowanne da irin motar da yake wakilta. SCOA na Faransawa ya riƙe Peugeot, Leventis ya riƙe Marsandi, Mandilas ya riƙe Volkswagen, BEWAC yana sayar da Land Rover, daga baya R.T. Briscoe ya kawo Toyota. Masu sayen farko kuwa su ne sarakuna da hukumomin En'e da manyan attajirai masu safara.

Ɗan kasuwa da ke son babbar mota ba ya samunta a gama. Kai da inji da ƙashi yake saya, kafintoci su ɗora mata bodin katako, mai fenti ya zana mata ado da addu'a. Kuɗin kuma da wuya a biya shi a dunƙule. Akan ba da wani kaso a ɗauki mota, a riƙa biyan saura wata-wata, motar tana matsayin mallakar kamfani har sai an biya kashi na ƙarshe. Nan ne kukan masu saye na farko ya fito: mutum ya kusa kammala biya, damina ta lalata hanya ko inji ya buga, ya makara wata ɗaya ko biyu, kamfani ya aiko a ɗauke mota, abin da ya riga ya biya kuma ya tafi. Dokar sayen kaya a kan biya sannu a hankali ta 1965 ta taka wa wannan birki, inda ta ce wanda ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota ba za a ƙwace ta daga hannunsa ba sai ta hanyar kotu.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sa shekarun 1970 suka zama zamanin sabuwar mota. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya rage wa motocin Ingila kasuwa ya buɗe wa na Faransa da Jamus. Kuɗin man fetur ya shigo da yawa bayan 1973. Sannan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya haɗe da ariyas a farkon 1975, ya sa dubban ma'aikata suka ga kuɗi a dunƙule a karon farko. Gwamnati kuma ta kafa masana'antu da haɗin gwiwar kamfanonin waje: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, manyan motocin Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu.

Ta Kaduna ce ta fi shiga rayuwar mutane. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan lokaci, ta jirgin sama ake kwaso sassan motocin daga birnin Lyon na Faransa zuwa filin jirgin saman Kano, a loda su a manyan motoci zuwa Kakuri. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mayar da Fijo 504 motar manyan jami'ai, ta zama motar gwamna da kwamishina da babban sakatare, doguwarta mai kujeru layi uku ta zama motar haya tsakanin gari da gari, 404 a-kori-kura kuma ta zama jakar manoma da 'yan kasuwar ƙauye. A farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da motoci kusan 60,000 a shekara.

Mai saye a wancan zamani ya san inda zai koma. Bayan 'yan kwanaki da ɗaukar mota yakan mayar da ita garejin dila a yi mata sabis na farko, a juye mai, a ɗaure abin da ya saki, a buga hatimi a littafi. In wani abu ya lalace cikin wa'adin garanti, kamfani ne da asara. Garejin yana da fomani da makanikai masu rigar aiki da ɗakin ajiyar kayan gyara, inda ake duba lambar kowane ƙarfe a kundi kafin a miƙo shi. Da yawa daga cikin tsofaffin makanikan da suka yi suna a Kano da Kaduna da Jos a irin waɗannan garejoji suka koyi aiki, suka fita suka buɗe nasu, suka yaye yara.

Sai dai zamanin bai rasa nasa ciwon ba. Gwamnati ce ke ƙayyade farashi, dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta haɗa da motoci da kayan gyaransu, masu nema kuma sun fi motocin yawa. Mutum yakan rubuta suna ya ajiye kuɗi ya jira watanni, yana kallon wanda ya zo bayansa ya ɗauki mota saboda ya san wani. Masu hanya sukan karɓi motoci a farashin gwamnati su sayar a bayan fage da riba mai kauri. Tun a lokacin dillali ya fara samun gindin zama a ƙofar shagon kamfani.

Faɗuwar farashin mai ce ta rushe tsarin. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, lasisin shigo da kaya ya zama abin nema ido rufe, masana'antun da kusan duk sassansu daga waje suke zuwa suka fara rage aiki da sallamar ma'aikata. A watan Satumba na 1986, ƙarƙashin shirin SAP na gwamnatin Janar Babangida, aka karya darajar naira. Kuɗin da a 1980 ya fi dala ƙarfi ya koma ana ba da wajen huɗu kafin a sami dala ɗaya, kuma bai daina zamewa ba. Fijon da ba ta kai naira 10,000 ba a ƙarshen shekarun 1970 ta fi ƙarfin albashin shekaru na babban ma'aikaci. Manyan shagunan da ke da gilashi suka yi ta rufe rassa.

Gurbin da suka bari, tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi. 'Yan Kudu suka kira su tokumbo, a Arewa aka ce 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, domin daga tashar Antwerp ta Beljiyam ake lodo yawancinsu, a sauke a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin inda haraji ya fi sauƙi. Manyan masu shigo da su, da yawansu 'yan Lebanon, sukan jera su a manyan filaye a bayan gari. Ɗan kasuwa daga Kano ko Katsina ya je ya zaɓa, a yi wa motar takardar wucewa zuwa Nijar, direbobi su jero su ta Parakou da Malanville, su haye kogin Kwara zuwa Gaya, su bi ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga nan su gangaro Nijeriya ta Illela ko Jibiya ko Maigatari. Wasu sukan biya kwastan cikakke, wasu su biya rabi, wasu su bi ta daji da dare. Garuruwan kan iyaka na ɓangarorin biyu sun ci abinci sosai da wannan safara.

Da wannan sauyi cinikin mota ya koma kan tsarin da Bahaushe ya gada daga kasuwar dawaki. Akwai mai kaya, akwai dillali, akwai taya da albarka da sallamawa, akwai la'ada. Kamar yadda mai sayen doki yake zuwa da wanda ya iya duba haƙori da kofato, haka mai sayen mota yake zuwa da makanikinsa. Shi zai buɗe bonet ya zaro ma'aunin mai ya murza a yatsa, ya leƙa lagireto, ya saurari ƙarar inji, ya duba hayaƙin salansa, ya ƙwanƙwasa jikin mota ya ji inda aka cike da bodifila, ya shiga ƙarƙashi ya ga ko an taɓa yin walda a ƙashi. Sai a zaga gari a ji yadda giya ke shiga. In ciniki ya faɗa, a rubuta takarda gaban shaidu, a yi addu'ar Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Daga lokacin da motar ta bar filin, abin da duk ya same ta na mai saye ne.

A nan amana ta bar takarda ta koma kan mutum. Dillalin da ya san zai sake haɗuwa da mai saye a masallaci da wajen ɗaurin aure yakan ji nauyin sayar masa da ruɓaɓɓiya, kuma akwai dilolin da suka gina suna na shekaru a kan faɗin aibin mota kafin a tambaya. Amma tsarin yana da ƙofofi. Makanikin da aka zo da shi yana iya samun nasa kason a ɓoye daga mai sayarwa. Ana mayar da agogon tafiya baya. Ana yi wa motar da ta yi shekaru a cikin gida wanka da fenti a jera ta cikin sababbin shigowa. Mafi ɗaci shi ne takardun kwastan na jabu, waɗanda mai mota ba ya gane su sai ranar da aka tare shi a hanyar Zariya ko ta Abuja da iyalinsa a ciki.

Gyara ma ya bar garejin kamfani ya koma gindin bishiya. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama inda ake samun komai, daga fulogi zuwa rabin mota, kayan suna zuwa daga Ladipo ta Legas da Nnewi da Onica. Sana'ar ta rarrabu: mai inji daban, mai waya daban, mai bugun jiki daban, mai giya daban. Waɗannan mutane sun riƙe ƙasa a kan taya a shekarun da ba wanda zai iya, suna raya motocin da masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su. Kukan masu mota a kansu kuma sananne ne: a karɓi kuɗin kaya na asali a saka jabu, a gyara wannan a ɓata wancan, a ce gobe har mako ya zagayo.

Gwamnatoci sun sha ƙoƙarin juya akalar. An sha sauya iyakar shekarun motar da za a iya shigowa da ita. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗora harajin da ya kai kashi 70 cikin 100 a kan ƙananan motocin da aka shigo da su a haɗe. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa na tudu, a watan Agusta na 2019 kuma aka rufe iyakokin har zuwa Disamba 2020. Ita kanta masana'antar Kakuri an sayar da ita ga kamfanin ASD Motors a 2006, hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012 saboda bashi, ta sake sauya hannu a 2020. A 2022 wata sabuwar masana'antar Peugeot mai haɗin gwiwa da kamfanin Dangote ta fara aiki a jihar Kaduna. Duk da haka sabuwar mota ta zama ta gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni, su ne kuma suke cin moriyar garanti a shagunan dilolin da suka rage.

Motocin da ke shigowa yanzu sun fi fitowa daga Amurka da Kanada, da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora, wato waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Cike suke da na'urori, kunnen makaniki kaɗai ba ya isa gano ciwonsu sai an jona kwamfuta. Bayan da aka saki naira a 2023 har dala ta haura naira 1,500 a 2024, ko su ɗin sun gagari mutane da yawa, kasuwa ta karkata ga motocin da aka yi amfani da su a cikin gida.

Wannan zamani ya zo wa mai saye da makamin da na baya bai samu ba. Kowace mota tana da lambar ƙashi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ana iya binciko tarihin motar Amurka a intanet, a ga haɗarin da ta yi da tafiyar da ta ci, a kuma tantance biyan harajinta a ofishin kwastan. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba da damar mayar da kayan da aka ɓoye aibinsu, abin da fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tabbatarwa a babin ciniki. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin dilolin mota na Kano da Kaduna da sauran birane su mayar da wannan haƙƙi ƙa'ida: a rubuta wa mai saye aibin mota da sahihancin takardunta a rasit, a ba shi wa'adin dawowa in inji ko giya ta nuna abin da aka ɓoye, kuma a kori duk dillalin da aka kama da takardar jabu daga fili.