Harsashin .22: Yadda Abin Wasan Falo Ya Zama Bindigar Ɗan Koyo



A Amurka, idan mutum ya shiga shagon bindigogi ya ce bai taɓa harbi ba kuma yana son ya koya, shawarar da aka fi ba shi ita ce ya fara da ƙaramar bindigar hannu mai cin harsashin .22. Lambar nan faɗin harsashin take nufi, wato kashi 22 cikin 100 na inci, kimanin milimita 5.6, bai ma kai kaurin fensir ba. Ƙararsa ba ta da yawa, bindigar ba ta tunkuɗa hannu da ƙarfi, ga shi da araha. Abin da ya kamata mu sani shi ne wannan sauƙin ya samo asali ne daga wata gazawa da ke jikin harsashin tun ranar da aka ƙirƙire shi, kuma sauƙin nan ne ya sa mutane da yawa suka raina shi har ya yi musu ɓarna.

Duk wanda ya taɓa kallon 'yan bindiga a hawan sallah ya ga yadda duniya take harbi kafin zuwan harsashi mai kwanso. A zuba albarushi ta bakin bindiga, a danna shi da sanda, sannan a tanadi abin da zai ba da wuta. A farkon ƙarni na 19 Turawa sun samar da wata 'yar hular jan ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa da wuta idan an buge shi. Mu kira ta ƙyastu. A 1845 wani maƙerin bindiga Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ya ɗauki wannan 'yar hular, ya yi mata leɓe a gindi, ya cusa ɗan ƙwallon dalma a bakinta. Ko albarushi bai sa ba, ƙarfin ƙyastun kaɗai ke tura dalmar. Da irin wannan harsashi masu hali a Turai suke wasan harbin allo a cikin falo bayan cin abinci, shi ya sa aka riƙa kiran bindigogin da sunan bindigar falo.

A nan asalin gazawar yake. A irin wannan harsashi, wanda Turawa ke kira rimfire, sinadarin ƙyastun yana zagaye ne a cikin leɓen gindin kwanso. Kafin wuta ta tashi sai allurar bindiga ta murƙushe leɓen, don haka dole kwanson ya zama siriri mai laushi. Kwanso siriri kuwa ba ya jure matsi mai yawa, idan aka cika masa albarushi fashewa zai yi. An ƙera manyan harsasai a kan wannan tsari a ƙarni na 19, amma da harsashi mai ƙyastu a tsakiyar gindi ya bayyana sai ya kore su daga kasuwa. Ƙananan ne suka rayu, domin su ba sa buƙatar matsi mai yawa, kuma ƙera su ya fi sauƙi tunda kwanson guntun tagulla ɗaya ne tak.

Waɗanda suka fitar da shi daga falo su ne Horace Smith da Daniel Wesson na garin Springfield a jihar Massachusetts. Sun tsawaita kwanson, suka sa masa ɗan albarushi, suka ɗora dalma mai nauyin kusan giram 1.9. Wannan shi ne .22 Short. Sai dai akwai cikas: wani tsohon ma'aikacin kamfanin Colt, Rollin White, ya riga ya mallaki takardar fasahar gangar libarba mai huji zarce tun 1855, kuma ba a iya ɗura harsashi ta baya sai da irin wannan ganga. Suka yi yarjejeniya da shi a kan santi 25 ga kowace bindiga, aka fitar da Smith & Wesson Model 1 a 1857, mai cin harsashi 7. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, sojoji da dama sun saye ta da kuɗinsu suna sakawa a aljihu. Marubuci Mark Twain ya riƙe irinta a tafiyarsa zuwa Nevada, kuma a littafinsa Roughing It na 1872 ya yi mata ba'a kan ƙanƙantar harsashinta da wuyar samun abin da aka nufa da ita. Ka ga ashe rainin ya daɗe.

Daga nan aka yi ta gyara. An fitar da .22 Long a 1871, sai .22 Extra Long a 1880. A 1887 kamfanin J. Stevens ya ɗauki kwanson na farkon ya haɗa da dalmar na biyun mai nauyin giram 2.6, aka samu .22 Long Rifle. Duk da sunansa na nuna doguwar bindiga, shi ne harsashin da kusan duk bindigar hannu ta ɗan koyo take ci a yau, shekara fiye da 130 bayan haka.

Me ya sa malaman harbi suka riƙe shi? Babbar matsalar ɗan koyo ita ce zabura. Idan bindiga ta yi ƙara mai firgitarwa ta kuma tunkuɗa hannunsa, jikinsa kan fara tsammanin hakan, sai ya runtse ido ko ya danna hannu ƙasa daidai lokacin da yake jan kunama, harsashi ya kauce. Wanda wannan ɗabi'a ta kama yana shan wuya kafin ya rabu da ita. Da .22 kuwa mutum yana iya natsuwa ya lura da saitinsa da numfashinsa da yadda yatsansa ke jan kunama. Kuma da yake harbi abu ne na maimaici, kuɗin da zai sayi kwali ɗaya na babban harsashi zai saya masa kwalaye da yawa na ƙaramin. Da rarrafe yaro kan tashi.

Zaɓin da ke gaban ɗan koyo a yau gida biyu ne, kuma kowanne da tarihinsa. Gida na farko shi ne libarba, jikar Model 1. Smith & Wesson sun fitar da K-22 a 1931, Ruger kuma suka fitar da Single-Six a 1953. Amfanin libarba ya danganci wani aibin harsashin: wani lokaci sinadarin ƙyastu ba ya zagaye leɓen daidai, sai a ja kunama a ji shiru. A libarba ganga kan juya ta kawo harsashi na gaba, aikinta a fili yake, mai koyo yana ganin abin da ke faruwa da idonsa.

Gida na biyu shi ne fistol mai ɗura kanta, wadda ƙarfin harbin ke tura ƙarfenta baya, ya fitar da kwanso, ya ɗauko sabon harsashi. Shahararren maƙeri John Browning ne ya zana wadda Colt ya fara sayarwa a 1915, aka raɗa mata suna Woodsman a 1927, aka ci gaba da ƙera ta har 1977. Kyakkyawa ce, amma da tsada, domin sassaƙa ƙarfenta ake yi da inji a hankali. A Yaƙin Duniya na Biyu rundunar Amurka ta sayi bindigogin .22 na kamfanin High Standard don koyar da sababbin sojoji, hukumar leƙen asirinta ta wancan lokaci, OSS, kuma ta karɓi wasu da aka sa wa abin rage ƙara. Irinta aka samu a jikin matuƙin jirgin leƙen asiri Francis Gary Powers da Tarayyar Sobiyet ta harbo shi ranar 1 ga Mayu, 1960.

Wanda ya sauko da farashin ƙasa shi ne William Ruger. Ya yi nazarin fistol ɗin sojan Japan mai suna Nambu, ya kuma gano cewa za a iya buga jikin bindiga daga fallen ƙarfe biyu a haɗa su da walda maimakon sassaƙa. Ba shi da jari, sai Alexander Sturm, matashi mai zane kuma marubuci, ya zuba dala 50,000, shi ne kuma ya zana tambarin tsuntsun da ke jikin bindigar. A 1949, daga wani ƙaramin gini a Southport ta jihar Connecticut, suka fitar da Ruger Standard a kan dala 37.50, ƙasa da farashin Colt nesa ba kusa ba. Sturm ya rasu a 1951 yana da shekara 28, Ruger ya mayar da launin tambarin daga ja zuwa baƙi don makoki. Zuriyar bindigar nan ta ci gaba: Mark II a 1982, har zuwa Mark IV a 2016, wadda ta magance ƙorafin shekara da shekaru kan wuyar kwancewa da mayarwa idan za a goge ta. Ita da Browning Buck Mark ta 1985 suna cikin sunayen da ɗan koyo ya fi ji a shago. Abubuwan da ake ce masa ya duba ma daga fagen gasa suka fito: dogon bututu don saiti ya fi fita, ɗan nauyi don hannu ya rage rawa, da mariƙin da ya zauna masa a tafin hannu.

Fagen gasar ma yana da nasa labaran. Károly Takács sojan Hungary ne da gurneti ya lalata wa hannun dama a 1938. Ya koma ya koyi harbi da hagu, ya ci zinare a harbin sauri na mita 25 a gasar Olamfik ta Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952. A Rasha kuma Mikhail Margolin, wanda makaho ne, da lalube ya zana fistol ɗin .22 da 'yan wasan Sobiyet suka daɗe suna gasa da ita. Har yau gasar fistol ta mita 25 a Olamfik da .22 Long Rifle ake yin ta.

To amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ranar 5 ga Yuni, 1968, a otal ɗin Ambassador da ke Los Angeles, Sirhan Sirhan ya harbi Sanata Robert Kennedy da libarbar .22 ƙirar Iver Johnson mai cin harsashi 8, washegari ya cika. A shekarar ce Amurka ta yi dokar da ta hana dillali mai lasisi sayar da bindigar hannu ga wanda bai kai shekara 21 ba. Ranar 30 ga Maris, 1981, John Hinckley ya yi harbi 6 da wata libarbar .22 mai araha ƙirar Röhm a ƙofar otal ɗin Hilton na Washington. Harsashi ɗaya ya daki motar Shugaba Reagan, ya karkata ya shige shi ta ƙarƙashin hammata har huhu. Wani ya samu kakakinsa James Brady a ka, ya bar shi a keken guragu. Dokar binciken tarihin mai sayen bindiga da aka sa wa hannu a 1993 sunan Brady take ɗauke da shi, kuma da ya rasu a 2014 likitan bincike ya ce raunin nan ne sanadi, shekara 33 bayan harbin. A jikin kwalin harsashin kansa akwai gargaɗin cewa yana iya yin illa a nisan da ya wuce kilomita ɗaya da rabi.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a Scotland a watan Maris na 1996, dokar farko ta 1997 ta haramta manyan bindigogin hannu ta bar .22 ga kulob-kulob na harbi. Kafin shekarar ta ƙare sabuwar gwamnatin Tony Blair ta haramta .22 ɗin ma, har ta kai 'yan wasan ƙasar sai sun fita waje su yi atisaye. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma ba ta ware ƙarami daga babba ba. Don haka zancen shiga shago a zaɓi bindigar farko zancen Amurka ne da ƙasashe masu irin dokarta.

Ga mai rubuta labari, akwai abubuwan ɗauka a nan. Idan tauraronka ɗan Kano ne ko Kaduna kuma ya zaro fistol daga durowa, mai karatu mai lura zai tambaya ta ina ya same ta, kuma amsar na iya zama labari guda. Idan bindigar .22 ce, ba za ta jefar da mai harbi baya ba, wanda aka harba ma ba zai tashi sama ya daki bango ba. Reagan da kansa bai san an harbe shi ba da farko, ya ɗauka haƙarƙarinsa ne ya karye da aka tura shi cikin mota, sai da ya fara tarin jini aka juya zuwa asibiti. Libarbar Hinckley harsashi 6 take ci, don haka a ƙirga harbin da ke shafi kafin a miƙa rubutu ga mai karatu.