Himmar Mutum Ɗaya da Ruwan Jama'a: Nazarin Jagoranci a Sana'ar Noman Rani ta Kura da Bunkure

Tsakure: Wannan maƙala ta auna ra'ayin da ke cewa himmar mutum ce ke gina sana'a, ta hanyar duba noman rani a yankin da ya tashi daga Kumbotso zuwa Kura, Bunkure da Garun Malam. Matsayarta ita ce, inda ruwa na tarayya ne, himma ba ta zama riba sai mai ita ya iya jan maƙwabtansa su yi aiki tare.

Tun bayan littafin David McClelland na 1961, masana da dama ke ɗaukar ƙishin cin nasara a matsayin tushen bunƙasar kasuwanci, kuma har yau masu horar da matasa kan dogaro da kai a Kano a kan wannan turba suke. Ra'ayin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya manta da ƙasar da ake taka. Binciken Polly Hill a Dorayi, wanda ya fito a 1977, ya nuna cewa a karkarar da ke kewaye da birnin Kano ƙarancin gona da jari ne ke danne talaka, ko da kuwa shi ne ya fi kowa sammako. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta kawo wani sharaɗin kuma. Manomin shinkafa ko tumatir a Kadawa yana shan ruwan madatsar ne daga kanal ɗin da ya ratso gonakin wasu kafin ya iso tasa, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Idan na sama suka tare ruwa, ko suka bar kachala da yashi suka toshe hanya, na ƙarshen layi zai ga shukarsa tana yaushi, ga taki ya zuba, ga bashi a wuya. Saboda haka jagorancin da ke da amfani a nan shi ne iya tara mutane aikin gayya na yashe kanal, da sa su amince da ranakun ban-ruwa, da hukunta mai satar ruwa ko da ɗan'uwa ne. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, kuma a nan ake gane shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa na gaske. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta kafa hujja cewa dukiyar tarayya tana ɗorewa ne inda masu cin moriyarta suka tsara dokokinsu kuma suka tsare su, kuma wannan tunani ya yi daidai da muhimmancin da shirin noman rani na TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya bai wa irin waɗannan ƙungiyoyi.

Za a iya cewa ai mai ƙwazo zai haƙa rijiya ya sayi injin ban-ruwa, ya huta da rigimar jama'a. Hakan na faruwa, sai dai kuɗin fetur yana cin ribar, musamman tun cire tallafi a 2023, kuma ruwa ba shi ne kaɗai abin tarayya ba. Tsutsar tumatir ta 2016 ba ta san iyakar gona ba, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, ta tsaya saboda rashin kaya. Haka nan idan kowa ya dasa a mako guda, kwandunan tumatir za su cika kasuwar Kwanar Gafan lokaci ɗaya, dillali ya yanka farashin da ya ga dama.

Suka mafi ƙarfi ga matsayar wannan maƙala ita ce ƙungiya kan faɗa hannun masu manyan gonaki, su karkatar da ruwa da rance zuwa nasu. Wannan haɗari ne na gaske, kuma yana ƙaruwa inda masu hayar gona da matan da ke turara shinkafa a Kura ba su da murya wajen zaɓen shugabanni, alhali jarinsu ne ya fi saurin narkewa idan ruwa ya makara.