ZARE 🧵: Tsohon idon kyamarar Sobiyat da na fi so, da yadda yaƙi ya raba shi da gidansu

1/ Tun da na ɗora hotunan bikin ƙanwata ake ta cika min akwati da tambaya ɗaya: "Wace kyamara ce wannan?" Wasu ma sun rantse filta na sa. Amsar tana da ɗan tsawo, sai mun biya ta Jamus da Rasha kafin mu dawo gida. Ku gyara zama.

2/ Ni dai ba ƙwararre ba ne. Aikin ofis nake yi, hoto sha'awa ce ta Asabar da Lahadi. Kyamarar kuma Sony ce ta gwanjo, ba wani abin a-zo-a-gani ba. Abin da kuka gani aikin idon kyamarar ne, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a gabanta. Nawa sunansa Helios-44-2, kuma ya girme ni.

3/ Kawuna na cikin ɗaliban Nijeriya da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyat a shekarun 1970. Da ya dawo, ya zo da kyamara ƙirar Zenit-E, da wannan idon a gabanta. Hoto ɗaya tak muke da shi na kakarmu, Allah ya jiƙanta, kuma da ita aka ɗauka.

4/ Bara waccan ana gyaran gidansa na tsince ta a cikin akwatin ƙarfe, cikin tarkacen da aka ware wa 'yan gwangwan. Na ce, "Kawu, har da wannan?" Ya ce, "Ɗauka mana ɗan nan, wa ke wanke fim yanzu?" Da na makara da kwana ɗaya, da a kan sikeli za a auna ta.

5/ Na kwance idon, na sayi adafta, na ɗaura a kyamarata. Hoton farko da na ɗauka a gindin darbejiya ya ba ni mamaki. Fuska ta fito tas, amma ganyayen baya sun yi dishi-dishi suna kewaye ta kamar guguwa. Na zaci ya lalace ne. Wannan ne ya sa na shiga tonon asalinsa.

6/ Asalin yana wani gari mai suna Jena a ƙasar Jamus. A nan Carl Zeiss ya buɗe ɗan shagonsa a 1846 yana ƙera madubin likita na ganin ƙananan halittu. A 1866 masanin kimiyya Ernst Abbe ya haɗu da shi. Kafin Abbe, gwaji ake ta yi har a dace. Shi ya kawo lissafi cikin sana'ar.

7/ Daga baya Otto Schott ya zo yana narka musu irin gilashin da lissafin ke buƙata. Da wannan gilashin wani ma'aikacinsu, Paul Rudolph, ya fito da ido mai suna Planar a 1896: gilasai 6 a jere, rabin gaba da rabin baya suna kallon juna kamar tafin hannu biyu.

8/ Ana kiran irin wannan jeri da sunan Gauss, shahararren masanin lissafin nan na Jamus, don daga tsarin da ya yi wa madubin hangen taurari a 1817 aka samo shi. Ku riƙe wannan: yawancin idanu masu lamba 50mm da ake sayarwa da araha a yau jikokin wannan jerin ne.

9/ Sai dai Planar bai karɓu ba da farko. Duk inda haske ya ratsa tsakanin iska da gilashi, kusan kashi 4 cikin 100 na komawa baya. Shi kuma yana da irin wannan fuska har 8. Hoto sai ya fito fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo. Mutane suka fi son ƙanensa Tessar na 1902, mai gilasai 4.

10/ A 1927 Willy Merté, shi ma na Zeiss, ya sake lissafa jerin yadda zai sha haske da yawa, ya kira shi Biotar. A 1935 kuma Alexander Smakula ya gano shafa wa gilashi wani siririn sinadari mai rage komawar haske. Shuɗi-shuɗin da kuke gani a idon kyamara ke nan. Da farko sirrin soja aka mayar da shi.

11/ A 1936 wani kamfani a birnin Dresden ya fito da Kine Exakta, ɗaya daga cikin kyamarorin farko na ƙaramin fim da ke da madubi a ciki, yadda abin da ido ya gani shi kake gani. Ita aka yi wa Biotar mai lamba 58mm f/2. Ku duba rubutun jikin Helios ɗina: 58mm f/2 ne.

12/ Me ya sa 58 ba 50 ba? Madubin da ke cikin kyamarar yana tashi sama duk lokacin da ka danna, yana buƙatar fili. Idan gilashin baya ya matso ciki da yawa sai su yi karo. Da aka ƙara tsawon zuwa 58, sai gilashin ya ja baya ya ba madubi hanya. Lambar dole ce ta kawo ta.

13/ Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Zeiss ta yi wa sojojin Hitler aiki sosai: madubin hangen nesa, na saita bindiga, na jirgin ruwa mai nutso. An kuma sa mutanen da aka kamo aikin tilas a masana'antun. Wannan ɓangaren ba daɗin ji, amma yana cikin tarihin gilashin da ke hannuna.

14/ A watan Afrilun 1945 sojojin Amurka suka riga kowa shiga Jena. Amma bisa yarjejeniyar raba Jamus, garin na yankin Sobiyat ne. Kafin su fice a watan Yuni, sai suka loda manyan masana da shugabannin Zeiss gommai a motoci, da takardunsu, suka yi yamma da su zuwa Heidenheim.

15/ Waɗannan mutanen ne suka kafa sabuwar Zeiss a Oberkochen. Aka wayi gari akwai Zeiss biyu, ɗaya a Jamus ta Gabas ɗaya a ta Yamma, kowacce na cewa ita ce 'yar gida. Shekaru suka yi suna shari'a a kan suna. Sai bayan haɗewar Jamus a 1990 aka fara ɗinke ɓarakar.

16/ Su kuma Sobiyat da suka karɓi Jena a watan Yulin 1945, diyyar yaƙi suka zo karɓa. Ku tuna mutanensu sama da miliyan 20 suka mutu. Daga Oktoban 1946 suka shiga kwance injina suna lodawa a jirgin ƙasa, har da ma'aikata da iyalansu, aka kai su can suka yi shekaru suna aiki.

17/ Kayan ƙera shahararriyar kyamarar nan Contax aka kai masana'antar Arsenal da ke Kiev a Yukiren. Daga 1947 ta fara fitowa da sabon suna, Kiev. Zanen idanun Zeiss kuma suka watsu a masana'antun Sobiyat: Sonnar ya koma Jupiter, shi kuwa Biotar ya koma Helios-44.

18/ Wasu kan ce Helios jabu ne. Ni ban yarda ba. Jerin na Biotar ne, wannan ba musu, amma sai da injiniyoyin Sobiyat suka sake lissafa shi daidai da gilashin da suke narkawa a ƙasarsu. Masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko ta fara fitar da shi a 1958.

19/ Abin da Sobiyat suka yi da ya bambanta shi ne yawa. Biotar kayan masu hali ne. Helios kuwa miliyoyi aka buga, a Krasnogorsk da Valdai da Minsk, har ana lissafa shi cikin idanun kyamara da aka fi ƙerawa a duniya. Shi ya sa har yau yake da araha.

20/ Zenit-E irin ta Kawu ta fito a 1965, ita ma miliyoyi aka yi. Ƙarfe ce zalla, da idon a jiki ta kusa kilo 1. Ba ta cin batir ko ɗaya, har ma'aunin haskenta da hasken yake aiki. Gudun ƙyaftawarta daga 1/30 zuwa 1/500 na daƙiƙa ne kawai. Amma ɗalibi mai ɗan alawus zai iya sayenta.

21/ To ina guguwar ta fito? Idan ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, wato f/2, hasken da ke shigowa ta gefe yana gogar bakin bututun, sai a yanke masa wani sashe. Ɗigon haske a tsakiya ya fito da'ira, na gefe kuma ya fito kamar ƙwayar idon kyanwa. Jeruwarsu a kewaye ita ce guguwar.

22/ A wurin injiniya wannan aibi ne. Merté da waɗanda suka biyo bayansa rage shi suka yi ta ƙoƙarin yi. Na tambayi Kawu, ya yi dariya ya ce su a lokacinsu matse ƙofar suke yi zuwa f/8 don komai ya fito tas. Wa zai ɓata fim mai hoto 36 a kan ganye yana juyawa?

23/ Da fim ya ja baya, Zenit da Helios suka koma ƙasan akwati. Abin da ya tashe su shi ne kyamarori marasa madubi: Panasonic G1 a 2008, sannan Sony A7 a 2013. Tunda ba madubi, cikinsu siriri ne. Helios na son tazarar milimita 45 da ɗoriya, Sony na da 18. Adafta bututu ne kawai mai cike gurbin.

24/ Abin bai tsaya kan irinmu 'yan sha'awa ba. Greig Fraser, wanda ya ci Oscar da ɗaukar fim ɗin Dune, ya yi amfani da tsofaffin idanun Sobiyat a The Batman na 2022 da Dune: Part Two na 2024, har da Helios. Kamfanin IronGlass na Yukiren ne ya sake musu gida. Aibin jiya ake biya da tsada.

25/ Me ya sa na fi son sa a kan idon zamani da ya zo da kyamarata? Shi ba ya saita kansa, da hannu kake murzawa har fuska ta fito. Kafin ka gama, mutumin ya gaji da murmushin hoto ya koma yadda yake. Hotunan ƙanwata da kuka yaba, duk a wannan ɗan tsakanin na same su.

26/ Kuma ba ya jawo abu kusa, 58 ɗin nan ita ce ke nan. Kana son kusa, ka taka. Wannan ya koya min gaisawa da neman izini kafin na ɗaga kyamara, don dole a gan ni. Dattijan unguwarmu da suka ƙi hoton waya sun zauna min, wai sun gane irin na da ne.

27/ Kar na yi muku tallan da ba gaskiya. A hawan sallar bara na tafi da shi, dawakai na sukuwa ni ina murza ƙarfe, rabin hotunan shara suka tafi. Idan ya kalli rana kai tsaye hoto kan wanke ya yi fari. Gefen hoto a f/2 ba kaifi. Idan aikin kuɗi ka karɓa na biki, kar ka dogara da shi shi kaɗai.

28/ Mai son gwadawa: mazaunin sa mai zare ne, ana kiransa M42, shi za ka nema wa adafta. Yana hawa Sony da Fujifilm da sauran marasa madubi lafiya lau. A tsofaffin Nikon masu madubi ba ya saita abu mai nisa sai da adafta mai gilashi. Idan kyamararka mai ƙaramin faranti ce, guguwar za ta ragu, don gefen ake yankewa.

29/ Kafin ka biya, haska fitilar waya ta ciki. Ɗan ƙura ba komai, mu da muke zaune da hunturu. Amma idan ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, funfuna ce, tana cin shafen gilashi. Ka murza zoben saiti ka ji ko man ya daskare. Tunda masana'antu daban-daban suka yi su, wani ya fi wani kyau.

30/ Ga yadda ake fito da guguwar: buɗe f/2, mutum ya tsaya kamar taku 2 zuwa 3 daga gare ka, a bayansa da ɗan nisa a sami bishiya da haske ke ratsa ganyenta. La'asar sakaliya ta fi. Idan bango ne fari a baya, ba abin da zai juya.

31/ Dalilin wannan dogon zaren: ƙanina ya so cin bashi ya sayi ido mai tsadar babur, wai sai da shi zai fara hoto. Na ara masa Helios wata guda. Ya dawo da hotuna 5 masu kyau da 300 na banza, ya kuma gane inda matsalar take. Bashin dai bai ci ba.

32/ Watan jiya na zaunar da Kawu a ƙofar gida na ɗauke shi da idon da ya ɗauki mahaifiyarsa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ashe bai mutu ba." Na wanke shi babba, yanzu yana rataye kusa da na Kaka.

33/ Ku leƙa akwatunan iyaye da kakanni kafin 'yan gwangwan su riga ku. Zenit, Yashica, Pentax, Praktica, duk wadda kuka samu ku ɗauko hotonta ku ajiye min a ƙasa, da rubutun da ke zagaye da gilashin, in sha Allah zan faɗa muku adaftar da za ta hau. Wanda ya ji daɗi ya tura wa wani. Sai da safe 🙏