Asalin Kalma: Malam-buɗe-littafi

Duk wanda ya ratsa gonakin Nariya, a ƙasar Kibiya, da damina ta yi nisa, zai ga wannan ƙwaro yana shawagi a kan furen wake. Sunansa jimla ce sukutum, kuma kalmomi biyu cikin ukun aro ne daga Larabci. "Malam" daga mu'allim ta fito, wato mai koyarwa, ko da yake yau kowane namiji baligi ana iya kiransa malam a kasuwa. "Littafi" kuwa daga al-kitab: Bahaushe ya haɗiye "al" ta koma "li", "b" ta zama "f". "Buɗe" kaɗai ce tamu ta gado.

Wanda ya raɗa sunan ya iya kallo. In ƙwaron ya sauka, yakan haɗe fukafukansa a tsaye, ya buɗe, ya rufe, kamar mai juya shafi a zauren karatu.

Sai dai yara kan laƙaba sunan ga wanda ke kewaya fitila da dare. Wancan faɗa-wuta ne: jikinsa kauri, launinsa toka-toka, fukafukansa a shimfiɗe in ya sauka. A koya wa yara kowanne da sunansa.