Daga Allon Zayyana Zuwa Allon Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai, kun lura fastocin zaɓen ƙungiyoyinmu duk kamarsu ɗaya? A GSU ne ko FCE ko Kashere, hoton ɗan takara kawai ake canzawa. Adon kuwa daga intanet aka kwaso shi. Abin yana damuna, domin mu ba baƙin zane ba ne.

Tun kafin Turawa su zo, malamanmu na feƙe alƙalamin kara, su dama tawada, su ƙawata allon mai sauka da zayyana. Magina na zana dagi a bangon soro, masu ɗinki na fitar da aska takwas a babbar riga. Daga baya masu fenti da burushi suka karɓa, su ne ke rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci. Da kwamfuta da injin buga manyan fastoci suka shigo, sai kasuwar da yawansu ta faɗi. Linzamin kwamfuta kuma bai san hannun gwani ba, sai jawo siffofin da aka riga aka tanada.

To amma ita kanta kwamfutar da alƙalami ta fara zane. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna manhajar Sketchpad a MIT ta Amurka, yana zane a fuskar kwamfuta da alƙalami mai aiki da haske. A 1964 aka samu allon zane na RAND. A Faransa kuma Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault suka fito da lissafin lanƙwasa layi don tsara jikin mota. Wannan lissafin ne ƙashin bayan zanen bekta: kwamfuta ba ɗigo-ɗigo take adanawa ba kamar a hoto, layin take riƙewa da lissafi. Shi ya sa tambari ɗaya zai hau katin shaida, ya hau allon talla na bakin titi, bai dushe ba.

An kafa Wacom a Japan a 1983, Adobe Illustrator ta fito a 1987, CorelDRAW kuma a 1989, ita ce har yau ake ji da ita a shagunan ɗab'i na garin nan. Inkscape ta zo a 2003, kyauta take.

Allon zane na yau yana jin nauyin hannu. Ka danna, layi ya yi kauri. Ka sassauta, ya sirance. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara ya san wannan. Kuma ku dubi dagi da kyau, layuka ne masu lanƙwasa da sarƙa, irin abin da aka ƙirƙiri bekta dominsa.

A 1958 ɗalibai ne irinmu a Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka ce za su haɗa dabarar Turai da zanen gida. Yau sunansu na cikin tarihi.

Shawarata, mu ɗauki hoton zayyana ko adon tsohon soro da izinin masu shi, mu bi layin da alƙalami, mu adana. Soron ƙasa yana rushewa, masu zayyana suna tsufa. In ba mu yi ba, wa zai yi? Masu allon zane a cikinmu, don Allah ku riƙa ara wa na kusa da ku.