Tsarin yawon buɗe ido na Kamaru: abin da ya ƙunsa, da matsayin New Bell a cikinsa

Ma'aikatar yawon buɗe ido da shaƙatawa, wadda aka fi sani da MINTOUL, ita ce ke kula da harkar baƙi a Kamaru. Bello Bouba Maigari ya riƙe ta daga 2011 har ya yi murabus a 2025. Dokar da ake aiki da ita ta fito ne ranar 18 ga Afrilu 2016, kuma ita ce ta tsara lasisin otal-otal, gidajen abinci da kamfanonin tafiye-tafiye.

Burin gwamnati

A 2009 ƙasar ta ɗauki alwashin shiga sahun ƙasashe masu tasowa kafin 2035. Shirin farko, DSCE, ya fara aiki a 2010, shekarar da baƙin da suka shigo suka haura 500,000. A 2020 aka maye gurbinsa da SND30, wanda ya sa burin samun masu yawon buɗe ido miliyan 3.5 a kowace shekara.

Abin da ya rage wa tsarin ƙarfi

A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace iyalin Faransawa mutum bakwai bayan sun ziyarci gandun dajin Waza, sai Turawa suka ƙaurace wa Arewa Mai Nisa. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a 2014, har gwamnati ta karɓi bashin Asusun Lamuni na Duniya a 2017. Rikicin yankunan da ke magana da Ingilishi, wanda ya soma a ƙarshen 2016, ya taɓa Buea, inda ake hawan Dutsen Kamaru. A Maris 2020 korona ta sa aka rufe iyakoki.

Gwamnati ta yi gyare-gyare. Harajin kwana a otal da aka shigo da shi a 2017, daga sefa 500 zuwa 5,000 a kowane dare, an yafe shi a sauran watannin 2020. Gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022 ta kawo wa Duwala filin wasa na Japoma mai ɗaukar mutum 50,000. A Afrilun 2023 aka fara neman biza ta intanet. Sai dai litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, sannan 840 a 2024, kuɗin mota ya ƙaru.

New Bell da baƙinta

Unguwar ta samo asali ne daga ƙwace filayen bakin kogin Wuri da Jamusawa suka yi, rikicin da ya kai ga rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Bayan haka ta zama masaukin waɗanda suka zo daga nesa, har da Hausawa, waɗanda ke da unguwarsu da masallatansu a ciki. Yau ita ce cibiyar ƙaramar hukumar Duwala ta biyu.

Baƙin da ke sauka a nan yawancinsu fatake ne, da direbobin manyan motoci masu kai kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Cadi da Afirka ta Tsakiya, da 'yan uwa masu zuwa biki ko ta'aziyya. Da yawa gidan maigida suke kwana, ba otal ba, kuma tun 2017 'yan ƙasashen CEMAC ba sa buƙatar biza. Saboda haka lissafin da ya dogara da rajistar otal ba ya ganinsu, alhali kuɗinsu na shiga hannun mahauta, masu tsire, teloli da 'yan kasuwar Kongo. Ko tattalin arziki ya yi sanyi, fatauci da zumunci ba sa tsayawa cak.

Unguwar tana da abin nunawa ma. A shataletalen Shell New Bell ne Pascale Marthine Tayou ya kafa Colonne Pascale, doguwar hasumiyar tukwane, a 2010 tare da cibiyar doual'art. Bikin Ngondo na mutanen Sawa, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a Disamba 2024, yana tara jama'a a bakin Wuri duk ƙarshen shekara.

Abin da ya kamata a duba

Duk bitar da za a yi wa tsarin kafin 2030 sai ta amsa tambaya ɗaya: wane ne baƙo? Idan mai zuwa kallon namun daji kaɗai aka ƙirga, kuɗi za su tafi gandun daji da manyan otal-otal. Idan aka ƙirga ɗan kasuwa daga Garwa ko Njamena, magudanun ruwa, fitilun titi da rajistar ƙananan masaukai a New Bell su ma sun shiga aikin yawon buɗe ido.