Kan Sarki da Wasiƙar Gida

Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, iyayenmu fataken goro na Agege suka samu hanyar aika wasiƙa gida. Amma fa sai an biya marubuci, an sayi kan sarki. Shi ya sa da yawa kan rubuta da ajami, su damƙa wa matafiyi. In ya manta, shi ke nan, labarin rasuwa sai ya yi wata bai isa ba.

A Ingila ma an sha wannan tsada, har Rowland Hill ya yi fafutukar da ta mayar da kuɗin wasiƙa kwabo ɗaya a 1840, talaka ya samu sauƙi. Yau muna da waya, amma takardar shaida ba ta bin iska. NIPOST, a sassauta mana.